Darasi: Amanar Rijiya

Ya kai ɗan'uwa matashi, ka sani tsare rijiya addini ne. Abu Dawuda ya ruwaito daga Mu'azu ɗan Jabal cewa Manzon Allah (SAW) ya hana yin bahaya a mashayar jama'a, domin yana jawo tsinuwa. To, ina ga wanda ya haƙa masai dab da rijiya? Ƙazanta tana bi ta ƙarƙashin ƙasa ta shiga ruwa, sai amai da gudawa su kwashe yaran unguwa. Saboda haka ka nisanta masai da rijiya kamar mita 30. Ka gina bakinta, ka yi mata murfi, ka rataye guga. Da ruwan nan fa kake alwala! Allah Ya sa mu dace, amin.