Awon Igiya da Hatimin Mai Unguwa

Tsadar haya da ta filaye a cikin birnin Kano ta tura masu ƙaramin ƙarfi zuwa gefen gari, irin su Kumbotso, Ungogo da Gezawa, inda ake yanka gonaki ana sayarwa fuloti-fuloti. Wannan shi ake kira awon igiya, wato filin da mai gona ko dillali ya auna da kansa ba tare da hukumar tsara birane ta zana shi ba, kuma araharsa ce ke cika ofisoshin lauyoyi da masu ƙorafi, galibi bayan aikin gama ya gama.

Cikin shari'o'in da suka zo hannun mai wannan rubutu akwai ta wani malamin firamare da ya yi ritaya, ya ɗauki kuɗin sallamarsa kacokan ya sayi fuloti ta hannun wani dillali da suke sallah a masallaci ɗaya. An rubuta cinikin a fallen takarda, shaidu biyu suka sa hannu, mai unguwa ya buga hatimi, dillali ya karɓi la'adarsa. Malamin ya zagaye filin da katanga, ya haƙa rijiya, gini har ya kai linta, sannan sammaci ya iso daga kotun shari'ar Musulunci, domin gonar ta gado ce da ba a raba ba, wanda ya sayar kuwa ɗaya ne cikin magada, 'yan'uwansa mata ba su ma san an yi cinikin ba. Da aka raba gadon, kason mai sayarwar ya faɗa can wani gefe, kuɗin kuma ya riga ya cinye, dillalin ya ce shi haɗa ciniki kawai ya yi. Abin takaicin shi ne tun farko an shawarci malamin ya biya kuɗin bincike, wanda bai kai na bulon katangar ba, ya ƙi, yana cewa tsakanin Musulmi amana ta wadatar.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna bisa amana, abin da mutum ke samu haƙƙin zama ne, galibi na shekara 99, kuma sashe na 22 ya wajabta neman amincewar gwamna kafin a sauya hannun filin da ke da takardar shaidar mallaka. Hatimin mai unguwa yana nuna an yi ciniki, ba ya tabbatar da cewa mai sayarwar yana da ikon sayarwa, banki kuma ba ya karɓar irin wannan takarda a matsayin jingina.

Ba a biyan kuɗi kafin bincike. Gonar gado ba a sayenta sai an ga takardar rabon gado daga kotu. Dillali ba lauya ba ne, ba safiyo ba ne, la'adarsa yake nema. Fili mai takardar gwamnati ma sai an je KANGIS, hukumar da ke riƙe da bayanan filayen Kano, an duba fayil, domin ana yawo da kwafin takarda ɗaya a sayar wa mutum uku. Akwai kuma fulotan da ke kan hanyar ruwa ko ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki. Duk da haka, har yanzu masu saye sukan zo ofis ne bayan sun biya kuɗin sun sauke yashi, suna neman lauya ya rubuta musu yarjejeniya da kwanan watan baya.