DARASI: RALONJI DA GOBARA A CIKIN GIDA



Kuran ya shigo garuruwanmu da dama, yana yi mana aiki. Amma waya guda in ta yi zafi tana iya cinye ɗaki da rumbu a dare ɗaya, musamman da hunturu, lokacin da kara da zana da ciyawa suka bushe, iska kuma tana kaɗawa.

Me ke sa ralonji ya kama wuta?

Kuran da NIGELEC ke ba mu ƙarfinsa volt 220 ne. Kowace waya tana da iyakar kayan da take ɗauka, kamar jaki. Siririyar waya ta milimita 0,75 tana ɗaukar amper 6, wato wajen wat 1300. Ampul da rediyo da cajin salula ba su da ci, ba za su dame ta ba. Amma ƙarfen guga da rasho da abin dafa ruwa, kowane ɗaya yakan ci wat 1000 ko fiye. In ka haɗa biyu masu wat 1500 a kanta, ka ɗora mata wat 3000, fiye da ninki biyu na ƙarfinta. Sai ta yi zafi, robar ta narke, wayoyin biyu su haɗu, tartsatsi ya tashi.

Ga abin da za ka kiyaye:

1. Duba bayan kowane abu, an rubuta wat ɗinsa. Mai ci da yawa, sa shi a firizin bango shi kaɗai.
2. Kada ka jona ralonji a kan ralonji.
3. Kada waya ta bi ƙarƙashin tabarma ko katifa, ko ta cikin zana da rufin ciyawa.
4. In doguwa ce, warware ta duka. Naɗaɗɗiyar waya tana tara zafi.
5. Wadda ɓera ya ci ko ta tsage, a canja ta. Ɗaurin leda ba gyara ba ne.
6. In kuran ya ɗauke, cire ƙarfen guga da rasho nan take, don yana iya dawowa kana barci.
7. Mai batir na hasken rana, kai ma sa fuzibil kusa da batir.

Taɓa ralonjinka lokaci lokaci. In ka ji zafi, ko warin roba, ko ka ga firizi ya yi baƙi, cire shi, ka kira ma'aikacin lantarki.

In wuta ta tashi fa?

Fara kashe kuran daga wajen kontar. Kada ka zuba ruwa muddin akwai kuran, ruwa zai kawo maka shi jiki. Zuba rairayi, a fitar da yara, a buga wa ƴan kwana-kwana lamba 18. Wanda kuran ya kama, kada ka taɓa shi da hannu. Raba shi da wayar da busasshen icce.

Karanta wa uwargida da yara wannan darasi, a nuna wa kowa inda ake kashe kuran. Allah ya tsare mu da gobara, amin.