Zakara Ɗaya Ya Ishi Kaji Goma

Masu kiwon kaji a Gombe, daga Pantami zuwa Jekadafari, ku lura: zakara kan fara faɗa ne da ya kai wata biyar ko shida, lokacin da ya balaga. Idan zakaru sun yi yawa a akurki, za ku ga zankonsu ya yi jini, bayan kaji ya tsige, ƙwai ya ragu. Wani zai ce duka ne maganin mafaɗaci, amma duka tsoro yake ƙara masa, mai tsoro kuwa shi ke kai wa yara sara. Ku bar zakara ɗaya ga kaji takwas zuwa goma, ku ware mai faɗan, ku raba wuraren abinci da ruwa. Wanda ya ƙi natsuwa, a kai shi kasuwa ko a yanka.