Amincin Na'urar Gano Yoyon Gas

Gas ɗin girki, wanda ake amfani da shi a unguwanni irin su Ƙofar Marke a Sakkwato, ba shi da wari. Wani sinadari mai ɗoyi ake zuba masa. Amma hancin mai barci ba ya gadi, alhali kimanin kashi 2 cikin 100 na gas a iskar ɗaki ya isa haddasa gobara. Shi ya sa aka ƙera na'urar da ke kuwwa idan gas ya tsiyaye.

Amincinta yana da sharuɗɗa. Gas ya fi iska nauyi, saboda haka a kafa ta kamar santimita 30 daga ƙasa. Ƙurar hunturu kan toshe ta, ɗaukewar wuta kan kashe maras batir, kuma ƙarfinta kan ragu bayan kimanin shekara 5. Don tabbatarwa, a shafa ruwan sabulu a mahaɗar tiyo: kumfa alamar yoyo ce.