Man Kaɗe Ya Ƙi Ruwa: Me Zai Haɗa Su?

Tambaya: Ina sana'ar man shafawa a gida, kuma wajen matan ƙauyukan Gummi da Bukkuyum nake sarin man kaɗe. Masu saye na cewa ya yi nauyi, sun fi son mai laushi irin na kanti. Na zuba ruwa na buga, kwana biyu ruwan ya ware, mako na zagayowa ya yi funfuna. Ba na son sinadaran kamfani. Ko akwai abin gida da zai riƙe su?
Daga wata 'yar'uwa a Gummi

Amsa: Allah ya yi wa sana'a albarka. 'Yar'uwa, hannunki bai yi laifi ba. Ruwa da mai ba sa ga maciji, sai an sami mai shiga tsakani, wato abin da gefensa guda ke kama mai, ɗayan kuma ya kama ruwa. Dubi nonon saniya: akwai mai a cikinsa, amma ba ya fita sai 'yar Fulani ta kaɗa shi a gora ta karya wannan riƙon.

Abin gida na farko shi ne ƙaro, musamman na dakwara. Malamin allo ya daɗe da sanin sirrinsa, domin shi ke hana baƙin tawada kwantawa a gindin kurtu. Kamfanonin lemon kwalba ma da shi suke riƙe man ɓawon lemo a cikin ruwa. In kin ga E414 a jikin kwalba, ƙaro ke nan. Sudan ce kan gaba wajen samar da shi a duniya, Najeriya da Chadi na biye, har akwai tashar bincikensa a Gashuwa. Sai dai ƙarfinsa a kan mai kaɗan ne cikin ruwa mai yawa. Da man kaɗe mai kauri yakan gaza, in kin ƙara shi kuma ya yi danƙo ya ɗaure fata.

Kakin zuma kauri kawai yake sawa, ruwan zai tsattsafo daga baya. Wanda ya fi su iya sulhu shi ne lesitin, da wani Bafaranshe, Gobley, ya fara cirowa daga gwaiduwar ƙwai a 1846. Yau daga waken suya ake tatso mafi yawansa, ana sayar da shi a tace. Ɗanyen ƙwai kam kada ki kusantar da shi, wari zai yi. In za ki gwada lesitin, ɗumama ruwa daban, mai daban, zafinsu ya zo ɗaya, sannan ki haɗa kina bugawa har su huce.

Amma ni funfunar nan ta fi damuna. Duk inda ruwa ya shiga, ƙwayoyin cuta sun sami gida, kuma ƙaro da kaki da lesitin babu mai kashe su. Mai irin wannan a fatar jariri ko kan faso cutarwa ce. In dai da ruwa, dole sai da maganin hana lalacewa.

Shawarata, ki bar ruwan. Narkar da man kaɗe kashi 3 a kan tururi, ki zuba man riɗi kashi 1, ki bari ya fara daskarewa, ki buge shi da maburgi har ya yi fari ya tashi. Ɗan garin sitaci zai rage masa maiƙo. Zai yi watanni a inuwa. Ki kuma faɗa wa masu sayenki cewa galibin na kanti fiye da rabinsa ruwa ne, naki kuwa mai ne zalla.

Sai jan kunne, saboda yankinku. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Bagega da Dareta da 'Yargalma, domin an riƙa daka dutsen zinariya mai ɗauke da dalma a turamen gida da injin niƙa. Dalma ba ta da wari, kuma yaro yakan kai hannun da aka shafa wa mai baki. Ki tambayi matan da kike saye wajensu inda suke niƙa ƙwarar kaɗe. Ke ma ki keɓe turmi sabo, na wannan aikin kaɗai.