Darasi: Jirgin Kwantena da Ridin Dagauda

Ridin da ake aunawa a Dagauda da Azare, idan zai ƙetare teku, galibi ta tashoshin jiragen ruwa na Legas yake bi, cikin kwantena. Saboda haka ya kamata fatake su san ginin jirgin da ke ɗaukarsa.

Cikin jirgin kwantena a rarrabe yake rami-rami, da ginshiƙan ƙarfe masu riƙe kowane akwati, ana ɗora wani bisa wani. Da akwati mai ƙafa 20 ake auna girman jirgi. A 1956 jirgin Ideal X na Amurka akwati 58 ya ɗauka. Manyan na yau kuwa, masu tsawon mita 400, sukan ɗauki fiye da 24,000.

Sai dai nauyi ke yanke hukunci. Akwati mai ƙafa 20 kan ɗauki kimanin tan 19 na ridi. Mai ƙafa 40 ba ya ninka wannan, domin iyakar nauyinsa kusan ɗaya ce da ta ƙaramin. Wanda ya yi hayarsa don ridi, wani ɓangare na filin zai biya wa kuɗi a banza. Babban akwati na kaya marasa nauyi ne, irin busasshen zoɓorodo.