YINI GUDA A BAKIN TEKU: DARASI DAGA TAMBAYAR WANI ƊAN'UWA



Wani ɗan'uwa da ke zaune a Amurka ya turo mini tambaya ta akwatin saƙo, na ga ya dace mu tattauna ta a nan don amfanin kowa. Ya ce shi da iyalinsa za su shiga jirgin ruwan yawon shaƙatawa na kwana 5 daga Galveston a jihar Texas. Jirgin zai tsaya yini guda a tsibirin Cozumel na ƙasar Meziko, a sauka da safe a koma da yamma. Abokansa sun ce su sayi tikitin yini a wani wurin hutu na bakin teku, inda ake biyan kuɗi sau ɗaya a ci a sha a yi iyo har lokacin tafiya. Tambayarsa: "Malam, zan yi ƙasaru ne a ranar, kuma zan iya haɗa Azahar da La'asar?"

To, mu fara da abin da ka tambaya, kafin mu zo kan abin da ba ka tambaya ba, wanda a ganina shi ya fi nauyi.

Kai matafiyi ne, babu shakka. Nisan da malamanmu na Malikiyya suka ƙayyade wa ƙasaru shi ne mil 48, wato kilomita 80 da ɗoriya, alhali tsakanin Galveston da Cozumel ya haura kilomita 1,000. Tsayuwar yini guda kuma ba ta yanke hukuncin tafiya, sai in mutum ya yi niyyar zaman kwana 4. Asalin wannan rangwame yana cikin Suratun Nisa'i, aya ta 101, da aikin Manzon Allah (SAW). Amma a lura, malaman nan ba su ɗauki kowace tafiya daidai ba. Wanda ya fita don saɓon Allah ba shi da rangwame a wurinsu, wanda kuma ya fita don wasa tsagwaronsa sun karhanta masa. Hanafiyya ne suka ce ƙasaru na kowane matafiyi ne. Ka ga tun nan niyya ta shigo. Hutawa da iyali da kallon halittar Allah abu ne halal, in aka tsaya a kansa.

Haɗa salla kuwa akwai saɓani. Mashhurin zance a Malikiyya shi ne rangwamen haɗawa na tafiyar tudu ne, ban da ta ruwa. Shafi'iyya da Hanbaliyya ba su bambanta ba. Ni abin da nake gani, a irin wannan rana ba ka ma buƙatarsa. Ba gudu kake ba, ba mota kake tuƙawa ba, kana kwance ne ƙarƙashin laima. Rana tana karkatawa a Cozumel wajen ƙarfe 1 agogon garin. Ka tashi ka yi Azahar raka'a 2 a kan yashi, yashi mai tsarki ne. Alƙibla daga can arewa maso gabas ce. Ruwan teku kuma ana alwala da shi. An tambayi Annabi (SAW) a kansa ya tabbatar da tsarkin ruwansa da halaccin mushensa, kamar yadda Imam Malik ya ruwaito daga Abu Huraira. La'asar ka yi ta a jirgi, a tsaye in kana iyawa.

Ga wani abu da ke rikita mutane. Jirage da dama suna riƙe agogon tashar da suka taso, alhali Cozumel ba ta canja agogo duk shekara, don haka da hunturu tana gaban Texas da awa 1. Komawa jirgi da agogon jirgi ake yi, kuma wanda ya fita da kansa ya makara, tafiya ake yi a bar shi. Salla kuwa ba ruwanta da agogon matuƙi, rana take bi.

Yanzu ga wanda ba ka tambaya ba. Ɗan'uwa, mene ne a cikin tikitin nan? Yawancin irin wannan tikiti na "ci ka sha iya cikinka" giya ce babban tallarsa. Kuɗinka ya haɗa da ita ko ba ka sha ba, kuma ma'aikata suna zagayawa da ita kujera-kujera. Akwai hadisin Jabir da Tirmizi ya kawo, mai hana wanda ya yi imani da Allah da Ranar Lahira zama a teburin da ake zagaya giya. Wani zai ce ai ba teburina ba ne, na maƙwabci ne. Na ji. Amma abokan da suka ba ka shawarar, su fa, me za su ɗora a teburin da za ku zauna tare? Kai ka san su, ni ban san su ba.

Sai maganar ido. Jirgi ɗaya yana sauke dubban mutane, kuma sau da yawa jirage da dama ne ke tsayawa a rana guda. Duk wanda ya san bakin tekun ƙasashen nan ya san irin shigar da ake yi. Allah Ya umarci muminai maza da mata da runtse gani a Suratun Nur, aya ta 30 da 31. Kallon farko na bazata an yafe shi. To mutumin da ya biya kuɗi ya shimfiɗa tawul a tsakiyar wurin na awa 6, wane bazata ya rage masa? Wallahi wannan ba raina imaninka ba ne, zuciya ce ba ta da ƙashi. Kuma yaranka suna gefe, suna kallon abin da Baba ya zauna a cikinsa hankali kwance.

Ban ce ka kulle kanka a ɗakin jirgi ba. Akwai wuraren da ake biyan kuɗin shiga kawai, ka sayi abincinka daban, wannan ya raba kuɗinka da giya. Gabashin tsibirin ba cunkoso kamar yammacinsa inda jirage ke tsayawa, sai dai igiyar ruwan can tana da ƙarfi, a kula da yara. Akwai kuma kufan mutanen Maya a San Gervasio, wurin da mai tunani zai ga ƙarshen waɗanda suka yi gini suka shuɗe. In iyo ake so, a nemi gefen da babu jama'a, namiji ya rufe daga cibiya zuwa gwiwa, Hajiya kuma da suturarta cikakkiya wadda ba ta manne jiki in ta jiƙe.

Abinci ma a yi hattara. Naman alade ya yi yawa a girkin yankin, sanannen abincinsu cochinita pibil alade ne, kuma sukan sa kitsensa a dafaffen wake. Kifi da jatan lande sun wadatar. Suratul Ma'ida aya ta 96 ta halatta abincin teku, Malikiyya kuma ba su ware komai daga cikinsa ba. A dai tambayi da wane mai aka soya.

Tikitin nan galibi tun kafin tafiya ake sayensa ta intanet, don haka ku zauna da maiɗakinka ku yanke shawara yanzu, kafin a cire kuɗin.

Wallahu a'alam.